Kujerar Ɗan Minas

Shekara ashirin da uku Seu Jurandir, wato Malam Jurandir, ya yi yana hawa jirgin ƙasa na asuba daga garin Japeri zuwa tashar Central ta cikin birni, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa babu katako a hammata. Ƙyauren wata tsohuwar kabad ne ya yanke, hannu ya yi ta shafarsa har ya yi santsi. A jirgi Mai Katako ake ce masa, ba a san shi da wani suna ba.

Daga jihar Paraíba mai nisa ya zo yana ɗan shekara sha bakwai, a bayan motar kaya. Ya yi leburanci wajen magina har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya samu gadin ƙofa a wani benen masu hali a unguwar Tijuca, inda yake wuni yana ce wa duk mai kwat "dokta". Gidansa na Japeri da hannunsa ya gina, bulo goma yau, bulo biyar wata mai zuwa. Matarsa ta rasu ba ta ga filastar ɗakin ba. 'Yarsu ɗaya tilo ta yi aure ta bi miji can nesa. Abin da ya rage masa a duniya wanda yake ɗokinsa, awa ɗaya da rabin nan ce ta cikin tarago na uku.

Kowa da yadda yake kashe wannan tafiya. Tarago na farko na masu waƙar coci ne, suna tafi tun ido bai gama buɗewa ba. Wasu barci suke a tsaye, hannu a rataye, ba sa faɗuwa. Mata na tsinke wake a cinya ko saƙa. Amma na uku na 'yan sueca ne, kartar mutum huɗu, biyu da biyu, abokinka yana fuskantarka. Ba caca ba ce, ko kwandala ba a sawa. Dokarta guda ce mai tsauri: daga an raba karta har a ajiye ta ƙarshe, ba magana. Wanda ya yi tari ma sai a harare shi.

Da yake Japeri ne farkon layi, Seu Jurandir ne mai kama wuri. Ya zauna gefen taga, ya ajiye jakar kwanon abincinsa a kujerar da ke fuskantarsa. Dona Creuza, wato Malama Creuza, mai shara a wani asibiti, ta zauna kusa da shi da bakinta da ba ya hutawa, abokin wasanta Gemu a gabanta. Sai jirgi ya tsaya a garin Queimados, wani dogon mutum mai hular kakin da ta koɗe ya kutso, ya ɗaga jakar, ya zauna. Su haɗa gwiwa takwas, a ɗora katako. Wannan shi ne Ɗan Minas, mutumin jihar Minas, abokin wasan Seu Jurandir na shekara goma sha tara.

Shekara goma sha tara, jama'a! Kuma in ka tara duk maganar da suka taɓa yi ba za ta kai hirar yini ɗaya ba. A Central kowa ya ruga ya kama motarsa, da yamma kowa da lokacin tashinsa. Wayar hannu kuwa ba ta shigo hannun talaka ba tukuna a lokacin. Ba ƙiyayya ba ce, haka muke a layin nan. Ka san wanda ciwon ƙafa ke damu, ka san mai cin wake da garin rogo kullum, amma tambayar mutum sunan da uwarsa ta sa masa sai ka ji kamar ka leƙa masa cikin kwano.

Wata Litinin jirgi ya tsaya a Queimados, mutane suka ɗuro, ƙofa ta rufe, jaka tana nan a kujera.

"Ya makara," in ji Gemu.

"Wa? Wancan?" Dona Creuza ta ce. "Mutumin da ko ranar da ruwa ya ci tasha sai da ya shigo da takalmi a hannu? Kai dai Gemu, ka raba karta kawai, tunani ba aikinka ba ne."

Ba a raba ba. Mutum uku ba sa sueca.

Tarago na uku yana da al'adarsa, ba a rubuce ba, amma ba mai ƙetare ta. In ɗan wasa ya ɓace, ana riƙe masa kujera mako guda. Litinin ta zagayo bai zo ba, kujera ta zama ta wanda ya fi daɗewa yana kallo a tsaye. Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Seu Jurandir ya riƙa manna goshi a taga tun kafin a shiga Queimados, yana neman hular kaki cikin taro. Ran Alhamis wani mai ƙaton ciki da ke tsaye ya nuna jakar da haɓa.

"Baba, wannan jakar ta sayi tikiti ne?"

"Ta riga ka fara hawa jirgin nan," Dona Creuza ta ba shi amsa. "Tsaya, tumbin ya ragu."

Aka yi dariya, ban da Seu Jurandir. Ran Juma'a, dab da Central, ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba.

"Mai Katako, Litinin fa za a ba wani. Ka san gidansa?"

"A'a."

"Sunansa fa?"

Sunan ma bai sani ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da wani dokta ya zage shi gaban mutane.

Ran Lahadi ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya hau jirgi ba katako. Sau dubbai ya ratsa Queimados, amma ranar ce ƙafarsa ta fara taka ƙasarta. Ya tambayi masu kanti, ya tambayi direbobin bas ko sun san Ɗan Minas.

"Wanne daga ciki, tsoho? Rabin garin nan 'yan Minas ne. Ni kaina surukina ɗan Minas ne, in kana so ka tafi da shi."

Suka ce ya kwatanta shi. Nan ya gane ko fuskar ma bai riƙe sosai ba, don idonsa kullum a kan katako yake. Hannun ya sani. Babban yatsan hagu farcensa a tsage yake gida biyu, akwai tabon ƙuna a wuyan hannu, kuma yakan riƙe kartarsa a dunƙule, ba ya baza ta kamar sauran mutane. Masu sauraro suka yi ta ƙyaƙyatawa. Wata tsohuwa mai sayar da kofi a bakin tasha ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Mai tsagaggen farce? Kullum a hannuna yake karɓar kofi, ba sukari." Ta ajiye butarta a hankali. "Allah sarki, ba ku ji ba ke nan. Bi layin nan, bayan coci, gida mai shuɗin ƙyaure."

Bai tambaye ta abin da ba su ji ba. Ya dai bi layin da ta nuna masa.

Wata siririyar mace cikin baƙaƙen kaya ce ta buɗe. Dona Zulmira, matar Ɗan Minas. Ta ce Lahadin da ta wuce ne, bayan abincin rana, ya ce kansa na sarawa, ya kwanta, bai tashi ba. Litinin da safe aka binne shi. Seu Jurandir ya tuna abin da yake yi a safiyar, yana zaune yana gadin kujera da jaka.

"Daga wajen aikinsa kake?" ta tambaya.

"A'a, Dona. Daga jirgi."

Ta ƙura masa ido, ta dafe ƙirji. "Kai ne Mai Katako!"

Ta shigar da shi, ta zuba masa kofi, ta yanko kek ɗin masara. Ashe ta san shi sarai. Ta san ranar da ya yi kuskuren da ya jawo aka cinye su sau huɗu a jere, ta san makon da matarsa ta rasu, don maigidanta ya dawo ya ce Mai Katako ya zo da rigar da ba a goge ba, lalle wani abu ya faru a gidansa.

"Na ce masa to ka tambaye shi mana! Ya ce ai ya ba ka kartar da ta fi kyau ka ci, ya isa." Ta share ido da gefen riga. "Ka ga, Seu, ni da duhu yake barina, ya dawo a gajiye ya ci ya kwanta. Kai ne ka samu safiyarsa duka. Gaya mini, yaya yake a can?"

Seu Jurandir ya daɗe yana juya kofin a hannu. Shekara goma sha tara, kuma abin da yake da shi kaɗan ne ƙwarai.

"Bai taɓa yin maguɗi ba," ya ce. "In na yi shirme, ba ya ko ɗaga kai ya dube ni. In muka ci, sai ya buga katako sau biyu da yatsa. Shi ke nan abin da na sani, Dona. Ki yafe mini."

"Shi ne," ta ce. "Haka yake."

Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Dona, sunansa fa?"

"Belarmino. Belarmino Tavares."

Ya maimaita sau biyu a hankali, don kada ya kuɓuce masa.

"Kai kuma fa?" ta ce. "Na sha tambayarsa, kullum sai ya ce mini gobe in ya shiga jirgi zai tambaye ka."