Tauren da Na Kai wa Alhaji Bawa

Bari in rage muku wahala tun daga fari: in kuna neman wawan wannan labari, ni ne. Ni Tanko na Gangara, wanda ya yi aji uku a lakol, wato makarantar boko, kafin mahaifinsa ya gane gona ta fi bukatarsa, wanda kuma tun daga ranar yake ɗaukar kansa tafinta.

A shekarun nan da aka buɗe bakin kowa, jam'iyyu suka cika gari, ni ina gardi, wato gadi, a garin Agye, gidan wani Nasara mai aikin rijiyoyi, Mushe Piyer, wato Malam Piyer da Faransanci. Yana da mata, Madam Kler, da ƴaƴa biyu: Lili mai shekara biyar, da Toma da bai daɗe da yaye ba. Zaman gidansu abin kallo ne. A dafa ruwa, sannan a zauna jiran ya huce. A kwantar da yaro da agogo, ko yana jin barci ko ba ya ji. Lili kuwa ta tsallake duk wannan ta faɗa maƙwabta, ta koyo Hausa da gaɗa da cin ƙuli-ƙuli, har ta fi matata iya korar kaza.

Akwai kuma wani jan taure da Mushe ya sayo a kasuwar Gazawa, Lili ta sa masa suna Kumandan. Wata uku ana ba shi burodi da ganyen salati. Na ce a raina, turka ce. Yaranmu ma haka suke da ragon layya: su ba shi suna, su yi masa wanka, ranar salla kuma su ne kan gaba wajen hanta.

Da hutu ya zo ba su tafi ƙasarsu ba, suka ce suna son yara su ga gari. Sai na cika baki da yayan matata, Alhaji Bawa na Gidan Rumji, mai garkar mangwaro a bakin gulbi. Gaskiyar magana, shekara talatin mutumin nan bai taɓa kirana da sunana ba, sai "mijin Hassu". So nake sau ɗaya ya gan ni ina fitowa daga gaban mota.

Agye

Mun fara lodi bayan sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi. Kwana biyu za mu yi, amma kayan da suka fito, da a Gangara ne sai a ce an saki matar gidan. Gadon yaro da gidan sauronsa, jarkoki huɗu na dafaffen ruwa, akwatin magani, da wata ƴar kujera da ake ɗaure Toma a ciki kamar an kama shi da sata. A ƙarshe Mushe ya ciccibo taure ya sa a baya, ya shimfiɗa masa buhu.

Nan zuciyata ta yi fari. Wane ne yake ɗaukar dabba a mota zuwa gidan mutum in ba gaisuwa ba ce? Ban tambaya ba, don mai tarbiyya ba ya tambayar kyauta. Na dai ce a raina, ashe Nasaran nan ya san mutunci. Ƙarfe shida da kwata muka hau kwalta muka yi yamma.

Cadawa

Kilomita kamar arba'in, ƙarfe bakwai muka iso shingen jandarma. A gabanmu wata babbar mota ce cike da ƴan jam'iyya, da tutoci da kalangu, kowa na rantsuwa ƙasa ta kusa gyaruwa. Ni a lokacin ina da hular jam'iyya uku a gida, ina sa kowace gwargwadon wanda zan gaisar. Jandarma ya duba takardun Mushe, ya leƙa baya.

"Baba, wannan fasinjan fa?"

"Gaisuwar Alhaji ce," na ce da Hausa, ina gyara hula.

"Allah ya kai mu matsayin Alhaji," in ji shi, ya ɗaga sanda.

Lili tana barci, kanta bisa cinyar uwarta. Da idonta biyu, da labarin nan ya ƙare a Cadawa, da ku ma kun huta.

Maradi

Ƙarfe takwas muka shiga Maradi. Madam ta sayi ƙanƙara da burodi, Toma ya yi amai a rigar ubansa, aka nemi inuwa. Sai kuma agogo ya ce lokacin abincin yaro ya yi, daga nan ya ce lokacin barcinsa ya yi. Muka zauna gidan wani abokin Mushe har bayan azahar, manya huɗu muna magana ƙasa-ƙasa saboda mutum ɗaya da ko wando bai iya sawa ba.

Ni kuwa na sulale tasha, na sami wani direban Gidan Rumji da na sani, na ba shi saƙo: ya gaya wa Alhaji Bawa muna tafe, Nasara huɗu da jan taure, kuma ni na ba da shawarar tauren. Wannan na ƙarshen ƙarya ce, na ƙara ne don miya ta yi daɗi.

Gidan Rumji

Mun bar Maradi ƙarfe uku, muka ratsa Tibiri, kilomita kamar hamsin, muka sauka ƙofar Alhaji ana kiran la'asar. Direba ya isar da saƙo fiye da yadda aka ba shi. Rabin unguwa na tsaye. Na fito daga gaban mota a hankali, don kowa ya samu ya gani. Na sauko da taure, na miƙa wa Alhaji igiya da hannu biyu.

Alhaji ya shafa bayansa, ya taɓa ƙirjinsa, ya dube ni ya ce, "Malam Tanko, kun sha hanya."

Malam Tanko. Na ji kamar an naɗa ni sarkin Gangara.

Ya juya wajen Mushe ya yi godiya mai tsawo, da addu'a har kan kakanninsa. Mushe ya tambaye ni me ya ce. Na ce, ya ce sannu da zuwa. Mushe ya ce in roƙe shi a sama wa Kumandan inuwa, a kula da shi sosai. Na ce wa Alhaji, "Ya ce ba yawa, a yi haƙuri." Kowa ya yi murmushi. Ban taɓa yin tafinta mai kyau irin na ranar ba.

Aka sauke su a ɗakin soro, aka kawo fura da tuwon gero miyar kuɓewa. Madam ta ci loma uku don kunya. Lili ta sa hannu tare da matan gida, ta roƙi ƙari, suka yi ta kiran maƙwabta su zo su ji ƴar Nasara tana cewa "wallahi na ƙoshi".

Kwana na biyu

Da hantsi Mushe da Madam suka ɗauki Toma suka tafi garka ganin mangwaro. Ni ina zaure ina ba dattawa labarin siyasar duniya. Sai Alhaji ya shigo ya ce, "Malam Tanko, ni ba ni cin kyautar baƙo ni ɗaya. Na kira mahauci, na aika ma liman da mai gari. Da azahar mu ci tare da su."

Na ce, "Yaya Alhaji, haka manya suke yi."

Ba a jima ba na ji ana wasa wuƙa a bayan gida. Sannan na ga Lili ta wuce da guntun burodi a hannu, tana kiran Kumandan. Na bi ta a hankali, don in ga yadda ƴaƴan Nasara suke murnar nama.

An riga an kayar da shi, an ɗaure ƙafafu, an fuskantar da shi gabas, an haƙa ɗan rami. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye burodin, ta je ta kwanta a kansa, ta rungume wuyansa daidai inda wuƙa za ta bi. Mahauci ya ja da baya, ya ɓoye hannu.

"Ƴar nan, tashi," in ji Alhaji. "Za a ba ki hanta."

Ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ƙanena ne. Hutu ya zo, kamar mu."

Alhaji ya juyo gare ni. "Mijin Hassu, mi nika ji?"

Sarautata ba ta kai kwana ɗaya ba.

Daidai nan su Mushe suka dawo, riƙe da mangwaro. Madam ta ga wuƙa, ta ga ƴarta, mangwaro ya zube. Mushe ya yi mini tambaya ɗaya da Faransanci, kuma abin haushi, duk na gane ta. Na duba hagu, na duba dama, babu wanda zan fassara wa laifin. In na yi shiru a yanka, yarinyar nan ba za ta sake kallona ba. In na yi magana, na karɓe kyauta daga hannun surukina a gaban unguwarsa, abin da ko mahaukaci ba ya yi. Na tuɓe hula, na durƙusa, na faɗi gaskiya sau biyu, da Hausa da Faransanci. Ta Hausar ta fi zafi.

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "To, ku saurara. Tauren ga nawa ne. Gaban shaidu anka ba ni shi, kuma abin da anka ba Bawa ba ya komawa." Madam ta dube ni, na kasa fassarawa. Ya sunkuya wajen Lili. "Amma ni na ba jikata. Tashi ki kwance ƙanenki, ki gaya mai ya yi ma kakansa godiya."

Ita ta fassara wa iyayenta. Daga nan har muka bar garin ba wanda ya sake nemana tafinta.

Da yake an riga an gayyaci liman, tukunya kuma tana kan wuta, Alhaji ya sa aka kamo ragonsa na turke aka yanka. Mushe ya so ya yi magana a kan ragon, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya sayen abincinsa. Aka ci aka sha a zaure. Ni aka ba ni aikin riƙe igiyar Kumandan a gindin bishiyar bedi, wai kada wani mai ilimi ya sake kyautar da shi. Nan aka kawo mini nawa kason, ina ci yana kallona.

Komowa

Washegari ƙarfe bakwai muka kamo hanya, da buhun mangwaro da zabi biyu. Lili ta ce Kumandan ya tsorata, ba zai zauna shi kaɗai ba. Saboda haka Madam ta koma gaba, ni na koma baya tare da shi, kilomita ɗari da talatin yana tauna gefen rigata. A Cadawa jandarman nan ne dai. Ya leƙo ya gan mu.

"Baba, Alhajin ya ƙi ne?"

Na ce masa azumin magana nake.

Mun iso Agye kafin azahar, lafiya lau, mutum biyar da taure, ba wanda ya ragu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Alhaji Bawa da ragonsa da bai san hawa ba bai san sauka ba, da Mushe da bai kore ni ba, da mahaucin da bai cika sauri ba.

Da yamma na je gida na ba Hassu labari, na ɗan gyara shi yadda zai shigu. Na ce, "Ke ma ki duba, wa zai gane mutanen da ke kai akuya hutu? Ai sai wanda ya yi karatu mai zurfi."

Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Malam, Nasara sun san abin da suka ɗauko, yarinya ta sani, tauren ma ya sani. A motar nan mutum ɗaya ne bai san abin da ake ciki ba, shi ne kuma tafinta."