'Yar Aro a Ɗakin Jarrabawa

Bazara ce, irin wadda ruwan randa ma ɗumi yake yi. Kogi ya janye har yara na wasa a kan yashinsa. Shekarar ta zo mana da nauyi, geron da muka kawo daga gonarmu ta Lajawa ya kusa ƙarewa, ga babbar 'yata tana shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba ni da lissafin da zan koya mata. Abin da na iya shi ne na ɗauke mata wanke-wanke da ɗebo ruwa. Bayan la'asar sai in zauna kusa da ita ina ɗinkin hula, tana maimaita mini abubuwan da ban gane ba, ina cewa to.

Ana gobe jarrabawa sai ga yayar mijina, wadda ke aiki a sakatariya, ta shigo da 'yarta da ta gama sakandare. Ko ruwan da na kawo ba ta sha ba.

"Kawo mini katin yarinyar nan. Tawa za ta zauna mata."

"Yaya, ai da hotonta a jiki."

"Hoton da ko ke ba za ki gane ta ba? In aka ja hijabi har gira, duk yara ɗaya ne. Wa zai tsaya leƙa fuskar 'yar mutane? Kowa haka yake yi, sai ku 'yan karatun tsofaffi."

Wannan fa ita ce matar da ba a taɓa yin biki ko suna ba ta yi wa mata wa'azin tarbiyya ba. Hijabin da take yi wa 'ya'yanmu faɗa a kai in ya ɗan ɗage, yau shi ta zo ara ta yi sata. Gwanar da aka kawo mana kuwa tana gefe tana danna waya. Duk dangi sun san ita ma tata jarrabawar wani ne ya rubuta mata.

Na dubi maigida. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, takalmin da ba abin da ya same shi.

"Yaya ta fi mu sanin boko," in ji shi.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, balle a gaban yayar miji. Na ce, "To Yaya, a bar katin ya kwana a wurina. Allah ya kai mu."

Ta ce za su biyo da safe, in dafa wa 'yarta shayi da ƙwai, wai ƙwaƙwalwa na son abinci.

Da suka tafi na tarar da 'yata a bayan ɗaki, ta rufe littafinta ta ɗora kai a gwiwa. Ta ji komai.

"Za ki iya?"

"Ban sani ba, Umma. Amma ni na karanta."

Washegari ina idar da sallar asuba na dama mata koko, na sa katin a jakata, na tsayar da mai babur a bakin titi. Na kai ta har ƙofar makarantar da za a yi jarrabawar, na ɗaga mata hijabi goshinta ya fito sosai, na miƙa wa mai duba hoto katin da hannuna. Sannan na samu gindin dalbejiya na zauna, na fito da hulata na ci gaba da ɗinki.