Inda Inna Rabi Take Karya Murya

Ina kasuwar Madawa da hantsi ina zaɓen albasa, wayar Zali ta shigo. Zali ita ce babbar ɗiyar Inna Rabi. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Hadiza, Inna ta cika." Na yi salati, na ajiye wa mai albasa kayansa, na nufi tasha. Kafin motarmu ta isa Tamaske an riga an kai ta makwancinta.

Inna Rabi zabiya ce, ni kuwa 'yar amshinta. Ba a gidan biki waƙarta ta tashi ba. Shekarun da maza suka watse cin rani, ruwa yana kwashe gonaki yana barin fako, mata ne suka hau tudu suna jera duwatsu don su tare shi. Ita ke ba da waƙa, mu muna amsawa. Waƙar tana da ƙa'ida: idan ta zo kan sunan mace, sai ta sauke murya ta karya ta. Da jin haka mai sunan za ta duƙa, biyu su kama dutse su aza mata a kan gammo. Babu mai cewa "ke, zo", waƙar ce ke raba aiki.

A nan na san halinta. Idan ta lura mace na da ƙaramin ciki da ba ta kai ga faɗa ba, sai ta tsallake sunanta har a zo kan ƙananan duwatsu, ba tare da kowa ya gane ba. Idan ragguwa ta laɓe a inuwa, ta dinga jero sunanta ke nan har sai ta fito tana dariya. Ni da nake ji da muryata a lokacin, takan ce mini, "Murya baƙuwa ta, ɗiyata, yi mata shimhiɗa tun tana nan."

Baƙuwar kuwa ta yi mata sallama. Tari ya kama ta, ya bar muryar tana rawa, ba ta iya riƙe baiti har ƙarshe. Yawancin matan tudu, irin su Hajo, sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba wanda ya riƙe jerin sunayensu da kirarin kowacce sai ita. Ni kaina amshi kawai na iya. Abin da ya dame ta ke nan, kada ta tafi da su a ciki.

Lokacin na daɗe da komawa Madawa, ina waƙa a situdiyon Sale, wanda yake da injin nan da ke miƙe murya idan ta kauce. Jama'a sun rabu biyu a kansa. Matasa sun ce zamani ne, dattawan kiɗa sun ce ha'inci ne. Da na kawo mata shawarar ta zo a ɗauki waƙar, Baba Nomau, makaɗin da ya yi shekaru yana binta da ganga, ya tashi haiƙan.

"Rabi, kak ki tahi," in ji shi. "Injin ga maƙaryaci na. Ko akuya anka kai mishi, sai shi maishe ta zabiya."

Ta dubi sandar da ke hannunsa, ta ce, "Nomau, sandag ga taka, ita ka tahiya ko kai? Na ga ba wanda yac ce ma maƙaryaci."

Sai ya shiga gyaran hula. Ranar kasuwa Inna ta shigo mota ta zo Madawa.

Sale ya karɓe ta da girmamawa. Ta yi waƙar a zaune, tana yi tana hutawa. Da ya gama gyara ya kunna mana, na ji hawaye sun cika mini ido, domin muryar da na sani ina budurwa ce ta dawo, tsaye, ba rawa. Ita kuwa ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba.

"Ɗana, Allah shi yi ma albarka, murya ta yi kyau," ta ce. "Amma ina Hajo za ta duƙa?"

Ashe duk inda ta sauke murya a kan suna, injin ya ɗauka kuskure ne, ya ɗaga ta ya daidaita. Sale ɗan cikin gari ne, bai taɓa ganin aikin tudu ba.

Ya nuna kwamfutar, ya ce, "Inna, ordinatar ya ɗauka kin kauce na."

"To hwaɗa mishi ban kauce ba. Wurin ga mata ka duƙawa."

Bai yi musu ba. Ya jawo kujerarsa kusa da ita, suka bi waƙar baiti baiti. Duk inda suna ya zo sai ta taɓa kafaɗarsa, shi kuma ya janye injin daga wurin. Haka waƙar ta fito: baitocin da sandar injin da ta ara, sunayen kuwa da muryarta ta tsufa, a karye, yadda Allah ya bar mata ita.

Waƙar ta bi wayoyi ta kai Buza, ta kai Allakaye da Tabotaki. Gab da damina, matan da suka hau tudu gyaran jeren duwatsu suka kunna ta a waya. Na gani da idona, 'yan matan da ba a haifa ba lokacin da aka ƙirƙire ta, muryar na karyewa suna duƙawa. Baba Nomau ma ya aiko a sa masa ita a kati, wai don jikokinsa. Har gobe yana cewa injin maƙaryaci ne, amma ya bar faɗin haka a gaban Inna.

Sai ga saƙon murya daga Abijan. Ɗan Hajo ne, wanda uwarsa ta rasu yana can, ba shi da ko hotonta. Ya ce yana tura baro a kasuwa ya ji sunanta da kirarinta daga wayar wani, ya tsaya tsakiyar hanya yana kuka, mutane na zagaye shi. Zali ta kunna wa Inna saƙon ina wurin. Ta yi yunƙurin guɗa, muryar ta ƙi, ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Yanzu kam in tahiya ta zaka, ban bar kowa bisa tudu ba."

Na yi kewarta ƙwarai, amma ba na yi mata kukan wadda aka kayar, domin ta gama aikinta kafin a kira ta. Allah ya jiƙan Inna Rabi, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba Zali da ƙannenta da jikoki haƙurin rashi, ya shirya abin da ta bari. Ya jiƙan Hajo da sauran matan da ta ƙi bari a manta da su, ya sauke musu kowane nauyi, ya tara su da ita a inuwar rahamarsa. Amin.