Gida Mai Koriyar Taga

Shekara goma sha ɗaya Issoufou, mutumin Damagaram, ya yi yana tuƙa iyalin kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, a Riyad. Duk hutun ƙaramar Sallah shi ke kai su Jidda, tafiyar wuni guda. Idan suka isa Balad, tsohon garin, sai ya sauke su a bakin ƙofa ya koma wurin ajiye motoci. Direba ba ya nisa da mota, don ko yaushe matar kafil za ta iya bugo waya ta ce, "Yalla, mu tafi!"

'Yarsa Nazira a unguwar Shumaisi ta Riyad aka haife ta, ba ta taɓa ganin teku ba. Ciwon sikila ya hana ta doguwar tafiya. Duk dawowarsa takan tare shi a ƙofa da Hausarta mai gauraye da Larabci: "Baba, me ka gani?" Ya kasa ce mata kwalta da bayan motoci. Sai ya ƙago mata gida: hawa huɗu, da koriyar tagar katako mai kallon teku, da wani tsoho a ƙofa yana ba baƙi shayi. Kowace shekara yakan ƙara wani abu. Ya yi alkawarin kai ta idan ta ji sauƙi.

Tana da shekara tara ta rasu.

Bayan sadakar arba'in kafil ya ba shi hutun kwana uku. Matarsa Balkissa, wadda ba ta nemi komai ba tun rasuwar, ta ce, "Baban Nazira, kai ni gidan nan. Ina so in ga abin da take jira."

Suka hau bas. Ran nan ne ya fara taka ƙafa cikin Balad. Lungu ya miƙa su ga lungu, gidaje dogaye na dutsen teku, tagogin katako ba iyaka, kore da shuɗi da ruwan ƙasa. Ba wadda ke kallon ruwa, manyan benaye sun tare. Baƙi na ta ɗaukar hoto. Har ya tsaya ya tambayi wani mai sayar da turare ko ya san tsohon mai shayi, alhali ya san amsar.

Da la'asar, ƙafafun Balkissa sun kumbura, ya nuna wata taga. "Ga shi."

Ta daɗe tana dubawa. "Hawa uku ne wannan. Kai huɗu ka ce."

Ya zauna a kan dakalin gidan. "Balkissa, ban taɓa shigowa nan ba. A mota nake jira."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta, ta zauna gefensa.

"Ita ta sani?"

Ya tuna yadda Nazira kan rufe ido idan yana ba ta labarin, ba ta taɓa cewa ya ɗauko mata hoto ba.

"Wallahi ban sani ba," in ji shi.