Makullin da Biro Ke Buɗewa, da Sunan Malama Balkisu

"Ranar da aka buɗe wanga makulli ba da mabuɗinshi ba, ni zan tsaya gaban kowa in ce laifina ne."

Kai ka faɗi haka, Alhaji mai kwangila, ranar da ka ɗaure kwamfutocin makarantarmu ta Gwandu a jikin tebura da igiyar ƙarfe. Ina wurin.

Da safen nan aka kira ni a Kalgo. Malama Balkisu ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ce mai kula da ɗakin kwamfuta, mabuɗan suna hannunta. Da aka sace laftof ɗin, an tarar da makullan a buɗe, babu yanka, babu fasa. Kwamiti ya ce to ai mai mabuɗi ce. Aka dakatar da ita. Kai kuma wayarka ta daina shiga.

Matar da ta koya mini taifin tana riƙe da yatsuna kamar 'yar firamare. Matar da ke goge allon kowace kwamfuta da gefen mayafinta. Wai ita ce ɓarauniya.

Na yi ta bincike har na karanta cewa irin wannan makulli mai zagayen baki, bututun biro yana buɗe shi. Na sayo irinsa a Birnin Kebbi. Satin da ya wuce na kai mata, hawan jini ya riga ya kwantar da ita. A gabanta na cusa biro na murɗa. Ya buɗe.

Ta yi dariya har da tari. Sai kuma ta ce, "Yaya, ni na san ban ɗauka ba. Ɗiyana nika ji, ana nuna su a hanya."

Na ce ta bari ta warke mu je gaban kwamiti tare. Da na sani ban jira ba.

Alhaji, kana da daga yau zuwa sadakar bakwai. Ka zo ƙofar gidansu ka cika maganarka. In ba ka zo ba, washegari zan shiga taron iyayen yara da irin makullinka da biro, in miƙa wa shugaban kwamiti ya buɗe da hannunsa, in ɗauki bidiyo in ɗora a wanga shafi.

Allah Ya jiƙanki, Balkisu, Ya sa kabarinki ya fi miki nan sauƙi, Ya raya abin da kika bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Wanda kuma ya taɓa nuna 'ya'yanta, ya fara da neman gafara.