Kwalaben Yaya Mumuni na ƙarƙashin gadona

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Mumuni. Ni ƙanwarsa ce, ban yi nisa a makaranta ba, amma ni ke dafa wa abokansa waakye, wato shinkafa da wake, duk Lahadi a gidanmu na unguwar Maamobi, kunnena kuma a buɗe yake.

Yaya masanin kifi ne da tsuntsayen bakin teku. Ya gaji da ganin ana kama kifi a ruwan Sakumono a kai shi Turai a sa masa suna, sannan a aiko mana da yadda za mu kiyaye shi. Burinsa masanan yankin nan, har da na Lome da Yamai, su kafa ƙungiyarsu. Wasu na cewa ta Turawa ta ishe su. Amininsa Dakta Kwesi kuwa sai ya bugi benci ya ce, "Chale, abokina, ko a tsakar gidan nan ne, sai mun kafa ta!"

Ranar adu'ar arba'in, bayan an raba masa da goro, Dakta ya miƙe gaban malamai ya ce za su kafa ta da sunan Yaya. Ya juyo gare ni ya ce, "Sista Rabi, ki riƙe mana kwalaben kifinsa har mu samu ofis." Aka shafa Fatiha. Mu a Zongo, maganar da aka shafa wa Fatiha ba ta komawa baya. Shi Dakta ashe gaisuwar mutuwa ya ɗauke ta.

Kwalaben na ƙarƙashin gadona, cike da ruwan magani mai sa hawaye. A ɗakin nan na haifi Amina. Yanzu tana rarrafe, komai ta samu sai baki. Ko famfo zan je, goye take. Idan hadari ya haɗo, gotar ƙofar gida ta cika, ruwa kan shigo har ƙarƙashin gado. Maigidana ya ce in zubar, na ce amana ce.

Watan jiya Dakta ya zo da mota. Ba ƙungiya, ba ofis. Ya shiga ta Turawa, kwalaben yake so ya aika musu. Ko ruwan da na kawo bai sha ba.

Yaya, da kana nan me za ka ce masa? Ni dai na hana shi. Amma ku sauran abokansa masu karanta jarida, ku ji: damina ta kusa, yarinyar nan kuma ta fara iya murza murfi. In kun kafa ƙungiyar, ku zo ku ɗauki kayanku. In ba za ku kafa ba, ku zo gaban malaman nan ku faɗa da bakinku, a sauke min amanar.