Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Lokacin muna yara a ƙauyenmu na gefen Bungoma, babu mai takardar haihuwa. Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, sai a jera yara a gindin mangwaro, kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga makaranta. Wanda bai kai ba, sai baɗi.

Yayata Namalwa da gajerun hannuwa da ƙafafu aka haife ta. Sau huɗu Baba yana kai ta layin nan. Takan karkata wuya har jijiya ta fito, amma yatsunta ko tsakar kai ba sa wucewa. A karo na huɗu tare aka kai mu. Shekarata shida, majina har baki, ban san komai ba sai cin tuwo. Na cafke kunnena, aka rubuta sunana.

Baba ya cire hula, ya nuna ni, ya ce wa hedimasta, "Malam, ai ta ba wannan shekara huɗu."

"Ƙa'ida ce, dattijo. Ni na yi mata hannun?"

Aka kwashe da dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Yarinyar da ta haddace waƙoƙin coci kaf, a auna ta da kunne kamar akuya a kasuwa! Daga ranar ba ta sake taka harabar ba.

Na zama malami. Ita ta zama mai sayar da busasshen kifi, tana zaune bisa akwaku, bakinta ya fi barkono zafi. Ta auri mai gyaran keke, ta haifi uku. Ba ta taɓa cewa in koya mata karatu ba, ni ma ban taɓa tayi ba, kuma wannan kunyar tawa ce.

Sai ga jikarta Nafuna, da jiki irin nata sak. Da ta cika shida, hedimastan yanzu ya ce bencinsu ya yi mata tsawo, a kai ta makarantar irinsu can birni. Namalwa kuwa ta sha ji a rediyo cewa doka ta canza. Ta faɗo gidana ko sallama babu.

"Kai Barasa, mai dogon hannu! Kwafo min dokar nan. Boko dai ya yi rana yau."

Na kwafa, ta cusa a leda mai ƙarnin kifi, muka tafi da Nafuna. Ta dangwara wa hedimasta takardar a tebur.

"Karanta, Malam. Da ƙarfi."

"Mama, ai na san abin da ke ciki."

"Ka sani? To ka fi hedimastan zamaninmu laifi. Shi jahilci ne ya ɗebe shi. Karanta!"

Ya karanta, muryarsa tana shigewa ciki: ba a hana yaro makaranta saboda naƙasa.

"Benci kuma," in ji ta, "mijina yana da zarto."

Ya jawo takardar shiga yana gumi, ya rubuta sunan Nafuna, ya miƙo wa Namalwa biro. "Sa hannu a nan, Mama."

Ta dubi biron, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ta miƙa hannu ta dafa takardar.

"Ka gani? Ya kai. Tun ina 'yar bakwai yana kaiwa takarda, kunne ne kawai bai kai ba." Ta ture biron gefe. "Ba ni tawada in dangwala."